Talabijin Ya Raba Yayata da Maƙwabta

Malama Rufaida, ina roƙon ki taimake ni a kan wani al'amari da na daɗe ina juyawa a raina. Ni ba mai yawan magana ba ne, ki yi haƙuri idan na yi kewaye.

Ni malamin sakandare ne a Zuru, ban yi aure ba. Yayata, wadda zan kira Leah, ita ta riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu, da noman dawa ta kai ni har jami'a. Mijinta soja ne, ya rasu a bakin aiki, 'ya'yanta kuma sun watse neman abinci. Ita kaɗai take zaune a ƙauyenmu, Manga. Bara na saya mata talabijin da ƙaramar sola don ya ɗebe mata kewa.

Da farko wa'azi da waƙoƙin coci take kallo. Daga baya ta kamu da wani shiri da ake zagaya kasuwannin manyan birane ana faɗin farashin kaya, sannan masana su zauna su yi bayani a kan hauhawar farashi. Ba duk bayanin take ganewa ba, amma tana ganin fuskokin matan da ake tambaya. Abin da ta ɗauka shi ne yunwa ta taso daga birni, tana nan tafe ƙauye.

Sai ta liƙe bakin rumbunta da laka, ta koma cin abinci sau ɗaya a rana. Ta daina kai gudummawar hatsi ga zumuntar mata ta cocinsu, daga nan kunya ta hana ta zuwa taron. Tsakaninta da maƙwabciyarta Sa'adiya akwai kwanon tuwo da ke kai da komowa kowace yamma tun ina yaro. Yaya Leah ta fara mayar da shi wayam, a ƙarshe ta aika cewa a bari. Sa'adiya ta ɗauke shi wulaƙanci, ta janye jikinta.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da ita, babu wanda ya sani. Masu wucewa suna jin muryar talabijin, suna zaton lafiya take. Sai da na yi ta kiran wayarta ba a ɗauka ba, na hau mashin na je na tarar ko ruwa ba ta iya ɗebowa.

Na yi ƙoƙarin nuna mata cewa farashin Legas ba shi ne na Manga ba, kuma mai dawa a rumbu ba ɗaya yake da mai awo kullum ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tuna mini tsadar taki da manja da magani. Na dawo ɗakina, inda ni ma babu mai ƙwanƙwasa mini ƙofa.

Shin in ɗauke talabijin ɗin? Ina tsoron raba ta da muryar da ta rage mata a gidan. Ina kuma tsoron ranar da za ta sake kwanciya.

Ƙanin Leah, Zuru

Ɗan'uwa, kada ka ɗauke shi. Za ta ga ka mayar da ita yarinya, kuma tsoron ba zai bi talabijin ya fita ba.

Yayarka ba ta yi wauta ba. Macen da ta ciyar da marayu da fartanya ta san yunwa, tsadar da ta lissafa maka kuma gaskiya ce. Kai ma kana da hujja: shirin yana nuna mata kasuwar da ba tata ba, kuma babu wanda za ta tambaya idan an gama. Mai jin labarin tsada shi kaɗai kullum, dole ya ga kamar duniya ta ƙare.

Saboda haka bar muhawara. Ka je ku buɗe rumbun tare, ita ta ware abin ci har kaka, da iri, da na sayarwa don taki. Idan ta ga abin da ya rage da idonta, ba sai ka yi mata lacca ba. Ka kuma ɗauke ta zuwa kasuwar Zuru ta taya kaya da bakinta.

Sa'adiya kuwa, kai za ka je mata. Ka gaishe ta, ka faɗa mata tsoro ne ya jawo, ba raini ba, ka kuma sanar da ita rashin lafiyar. Zumuncin shekaru ba ya mutuwa a damina ɗaya. Shugabar zumuntar mata ma ta ji daga bakinka. Sannan a riƙa fito da talabijin ɗin tsakar gida da yamma. Idan mata suka taru, wata za ta ce ƙarya ne, jiya ta sayo ƙasa da haka, a yi dariya.

Abu na ƙarshe, ka yi haƙuri da shi. Na lura ka aika mata na'ura a inda take bukatar ƙaninta, kai ma kuma kewar tana cin ka. Zuru da Manga ba nisa. Ka mayar da Asabar ranar Yaya Leah, ka ce tuwonta ka zo ci. Ba za ta bar ka da yunwa ba, kuma tukunyar mutum biyu ba ta rasa rabon maƙwabci.

Allah ya ƙara mata lafiya, ya saka maka da alheri, ya kawo mana sauƙin rayuwa baki ɗaya.