Kwamfutar da Ta Je Kwadon a Bayan Acaɓa

Kwadon

Malam Shu'aibu,

Bayan gaisuwa da fatan iyali lafiya. Kwamfutar da ka aiko mini ta iso, amma ba ta tashi ba. Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Dennis mai gyaran waya ya leƙa ya ce madabod ɗin, babban allon cikinta, ya mutu.

Na ji kwamfutar Fatiha tana aiki lafiya a Hammadu Kafi, kuma kai da kanka ka kai mata a keke. Tawa a bayan acaɓa aka ɗaure ta da roba, kan buhun albasa. Tare muka gama a hannunka, Malam. Litinin zan buɗe ajin kwamfuta na 'yan matan nan. In suka tarar da baƙin allo, iyayensu ba za su sake turo su ba.

Ɗalibarka, in har yanzu ana lissafi da ni,
Barira

Nasarawo

'Yata Barira,

Na amsa gaisuwa. Mutane da yawa in sun ga baƙin allo sai su ce madabod ya mutu, alhali sau da yawa jijjigar hanya ce ta sa wani abu ya zame. Laifin ɗaurin nawa ne. Na kai wa Fatiha tata ne don ba ta iya haɗa wayoyi ba, ke kuwa kin iya.

Amma Dennis? Ni na riƙe hannunki ranar da kika fara kwance kwamfuta, yau kuma Dennis ne malaminki?

Cire wayar wuta. Buɗe murfin, duba ko allon madabod ya tsage. Zare ram, sanda mai haƙoran zinariyar nan, sai ki mayar da wuta ki kunna. In ta yi ƙara, madabod na da ransa, ram yake nema. Kashe, goge haƙoran da magogin fensir, ki danna shi har ya ce ƙas. In mazaunin ya karye, akwai na biyu a gefensa.

Ki huta lafiya,
Malaminki Shu'aibu

Kwadon

Malam,

Ina gaisuwa. Ta yi ƙara. Mazaunin farko ya karye, na biyu ya karɓa. Ta tashi, 'yan mata suna zuwa Litinin. Dennis bai ma sani ba.

Ka ce wa Fatiha ta ɗaure tata a bayan acaɓa ta zo Kwadon, ta gwada da kanta. Zan ara mata magogin.

Taka,
Barira