Wadda Ta Jira Ɗan Tseren Ƙarshe

Zuwa ga Herminda, sanyin idona, hasken safiyar tsaunukan Boyacá, wadda murmushinta ya fi mini ruwan mazarƙwaila mai zafi daɗi a ranar sanyi. Ranki ya daɗe, ina miƙo miki gaisuwar mutumin da ya baro zuciyarsa a gefen titi, ya dawo birnin Tunja da gangar jiki kawai.

Na buɗe shagon askina, almakashi na hannuna, amma hankalina na can kan kwanar da muka tsaya kallon tseren keke. Jiya har wani dattijo ya ce mini in aski zan yi in yi, in kuma mafarki ne in bari ya sauka daga kujera tukuna. Me zan ce masa? Ta yaya zan gaya masa hutun mako guda a ƙauyenku ya mai da ni yaro, ni da furfura ta gama cinye wa kai?

Kin tuna safiyar? Muka hau tsaunin a ƙasa, ta tsakiyar gonakin dankali, kowa ya zura wuyansa cikin bargon ulu. An rubuce titi da farar ƙasa, sunayen gwanayen tsere har ba wurin taka ƙafa. Yayanki Custodio ya manna rediyo a kunne yana ta cika baki, wai da ba don ciwon gwiwa ba da yanzu shi ake jira. Ke kuwa kina rungume da tsofaffin jaridu, don miƙa wa 'yan tsere su cusa cikin riga, kada iskar gangara ta huda musu ƙirjin da ya jiƙe da gumi. Gajimare ya sauko har ya taɓa gashinki, ni kuma na rasa wanda zan kalla, tsaunin ko ke.

Da na gaba suka iso wuri ya kacame. Ihu, tutoci, samari na bin su a guje, kafin mu ƙifta ido sun shanye kwana. Babban ayarin ya wuce, mutane suka fara naɗe kaya, mai wainar masara ta kashe wutarta. Ke sai kika gyara zama a kan dutse da jarida ɗaya a cinya. Custodio ya ce, "Ke Herminda, tsere fa ya ƙare. Ko jira kike su dawo su gaishe ki?" Ba ki ko dube shi ba kika ce, "Akwai saura ɗaya. Shi ma gangarar nan zai sauka, kuma shi sanyi zai fi ci."

Muka jira har titi ya yi tsit. Can sai ga shi, shi kaɗai, gwiwa na jini, keken na layi, motar da ke kwashe waɗanda suka gaza tana biye da shi kamar mai jiran ya faɗi. Ba mai tafa masa sai ke. Kika taka zuwa bakin kwalta, kika miƙa masa jaridar, ya karɓa yana haki ya ce, "Allah ya biya ki, uwata." Na ga bayansa ya miƙe. Wallahi a nan na san ba zan iya ƙarasa rayuwata ba tare da ke ba.

A hanyar saukowa ne kika gaya mini ɗanki Yeison ya matsa ki koma wurinsa Madrid kafin Kirsimeti, wai zaman kaɗaici ya ishe ki tun rasuwar mahaifinsa, kuma kin yi alkawarin ba shi amsa ƙarshen wata. Na ce miki sanyi ne ya ɗaure mini baki. Ba sanyi ba ne, masoyiyata, tsoro ne. Yaron yana da gaskiya, yana da gida mai ɗumi da jikokin da za su hau cinyarki. Ni me nake da shi? Kujerar aski, ɗaki mai kallon rana, da zuciyar da ta daɗe a rufe tun da na binne matata.

Na san ban zo da wuri ba. Allah bai haɗa mu muna da ƙuruciya ba, sai da 'yan kallo suka watse, tsufa kuma na biye da ni kamar motar nan. Amma ina kan keken, Herminda, ban sauka ba. Ki zauna, mu sauka gangarar da ta rage mana tare. Zan dafa miki ruwan mazarƙwaila kowace safiya, duk shekara kuma in riƙe miki jaridunki mu hau tsaunin.

Ran Lahadi zan shigo motar safe in zauna gaban Custodio in nemi aurenki, ya yi mini duk tsiyar da ya ga dama. Roƙona ɗaya ne: kada ki amsa wa Yeison kafin in iso. Kin jira wanda ba ki ko san sunansa ba. Akwai saura ɗaya, ranki ya daɗe, kuma wannan kin san sunansa.

Naki, a hawa da gangara, har numfashi ya ƙare,
Belisario