Sunanka Inna Take Kira

Yaya Labaran,

Assalamu alaikum. Yaushe rabonka da gidan kula da tsofaffin da muka kai Inna? Ina gaida Anti Mero da yara.

Ni lafiya lau. Mu takwas ne a ɗaki a unguwar Hor Al Anz, nan ƙasar waje, dakon kaya ya ɗan taɓa min baya, amma da sauƙi.

Ranar Lahadi mai kula da Inna ta kira ni ta bidiyo. Inna ta dube ni, ta tambaya ko ni ne mai gyaran fanka. Sai ta juya wajen ƙofa ta ce, "Labaran bai zo ba?"

Yaya, shekara arba'in ba ta taɓa furta sunanka ba, saboda kunyar ɗan fari. Ciwon mantuwa ya cinye kunyar, ya cinye ni, ya bar ka. Kai kuma wai ba ta gane kowa, zuwa ba shi da amfani!

Ni biza ta ɗaure ni, kai adaidaita ɗaya za ka hau. Allah ya ba ta sauƙi. Zan sa wasiƙar nan a guruf ɗin gida. Kada ka kira ni. A can za ka faɗi ranar zuwanka, gaban su Kawu.

Ƙaninka,
Kamal