Layar Baba

Gazawa, ranar Litinin

Yaya Attahiru,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Shatu da yara, ya zafin Yamai?

Agogon da ka aiko ya iso, na ɗaura wa Baba a hannu. Gaskiya abin mamaki ne, duk inda ya sa ƙafa sai ɗigo ja ya nuna mini a wayar salula. Amma kai da masu ƙera shi babu wanda ya tuna da alwala. Baba ya manta sunana, ya manta shanunsa sun ƙare tun zamanin fari, bai manta ruwa sai ya taɓa fata ba. Ran Juma'a ya kwance shi ya aje a katangar masallaci. Ni kuwa ina ta daka, ina duba ɗigo, ina jin daɗi tsoho ya zauna wuri guda. Ashe yana can hanyar Gangara wai neman garke! Wani ɗan kabu-kabu ne ya maido shi, ƙafafu duk sun kumbura.

Na kai wa Ishaku baduku ya cire maɗaurin, ya ɗinke shi cikin fata kamar laya, ya bar ƙofar caji. Ka san Baba da laya, ko wanka ba ya tuɓe ta. Kar ka ce komai, dabarata ta fi taka.

Ƙanwarka,
Saliha

Gazawa, ranar Asabar

Yaya Attahiru,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Mu kam ba lafiya ba.

Baba ya fita tun jiya da hantsi, bai dawo ba. Ɗigon nan yana tsakar gida wuni guda, shi ya sa ban leƙa ɗakinsa ba, na ɗauka barci yake. Da na kai masa fura na tarar da tabarma kawai. Na bi ɗigon kamar mahaukaciya, ɗaki, rumbu, bayan gida, duk inda na nufa yana biye da ni. Sai da na sauke ɗiyata Nusaiba daga goyo na ga layar ɗaure a ƙugunta, da irin ƙullin da yake wa maraƙi.

Yaya, ni na jawo. Kullum ina gaya masa wannan laya tana hana mutum ɓata. Ya ji, ya kuma yarda. Kwana biyu yarinyar ta fara rarrafe tana nufar ƙofa, na ga yana binta da ido. Haka ya ɗaura mana tasa muna ƙanana, ka tuna?

Mun gaya wa jandarma. Maigidana ya bi hanyar iyaka a kan babur, maƙwabta sun bazu cikin gonaki, gero kuwa ya fi mutum tsawo. Na kasa zama, na kasa ci, na kasa kwance layar daga jikinta.

Don Allah ka bar aikin nan ka hau mota yau. Salula tana hannuna, sai nuna mini take yi inda nake.

Ƙanwarka,
Saliha