Na Kashe Akwatin Babanka Sai Na Ji Daga Gare Ka

Bande, 9 ga watan Rajab

Zuwa ga ɗana Hisham,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi mini gafara da zan ɗora maka wata magana a kan gajiyar aiki da zafin rashi. Na san can wajen haƙar zinariyar taku babu rezo, waya ba ta shiga, shi ya sa na ba direba Sabo wannan takarda hannu da hannu. Ina fata kana lafiya, Allah ya tsare ka a cikin ramukan nan. Mu nan lafiya lau. Gero ya shiga rumbu, masu ta'aziyya sun fara raguwa. Allah ya jiƙan babanka Yaya Ari, ya sa ya huta.

Maganar akwatin nan ce da ka haɗa wa babanka shekara biyu da suka wuce, wanda ke ɗaukar shirin tele ya adana, ƙaramin na wifi kuma ya rarraba wa salulolin gida ba tare da an sa kati ba. Ka tuna yana cewa don tafsiri yake so. To, da ƙanwarka Ruma'isa ta buɗe mana, tafsirin yana nan, amma kokowa ta fi shi yawa nesa ba kusa ba. Ranar ce ta farko da na ji innarka Yakura ta yi dariya tun rasuwar.

A ciki muka tarar da shirin nan da ƴan tele suka zo Bande suka ɗauki babanka yana nuna yadda ake ɗaure wake a buhu uku don kada ƙwari su ci. Yana nan da hularsa a karkace, yana yi wa mai kamara faɗa wai ya taka masa shanya. Innarka tana takaba, ba ta fita zaure inda tele yake, ga maza cike. Sai Ruma'isa ta haɗa mata salularta. Idan aka jingina ta a bakin taga, saman randa, hoton yana zuwa sarai. Kullum bayan la'asar takan kalle shi sau ɗaya, ta yi masa addu'a, sannan ta yarda ta sha fura. Mun so a zuba mata shi cikin salular, abin ya ƙi. Ruma'isa ta ce ba a cikin salular yake ba, daga akwatin yake tahowa. Ko dalbejiyar ƙofar gida ka wuce, ya yanke.

Makon jiya Baffa Hamman ya zo duba kayan marigayi, ya ce tele da akwati da fanon sola duka gado ne, kuma bayan Juma'a biyu zai kai su kasuwar Magarya don a raba wa kowa haƙƙinsa. Nan take na farga. Mako uku ke nan muna amfani da kayan magada ba mu tambayi kowa ba, kuma ni ce babba a ɗakin. Na aika wa liman tambaya, ya ce idan magada duka baligai ne kuma kowa ya yarda da bakinsa, babu laifi a ware akwatin a bar wa uwarsu. Ruma'isa ta yarda, ɗan'uwanka Husaini ya yarda, Baffa Hamman ya ce shi ba ya da ta cewa in sun haɗa baki. Saura kai.

Don haka da hannuna na zare wayar akwatin. Ruma'isa ta yi ta yi mini tsiya, wai Gwaggo ta fi liman tsanani, ai kai ka saye shi, ta yaya za ka hana innarka. Na ce mata ka saya, amma ka ba babanka kyauta, ina zaune a wurin, ya zama nasa, yanzu kuma naku ne ku duka. Na san ba za ka ƙi ba, ko kaɗan ba na shakka. Amma sanin da na yi maka ba zai tsaya mini a matsayin yardarka ba gobe ƙiyama, kuma ba na so Yaya Ari ya kwanta da nauyin abin da muka yi da kayansa.

Innarka kuwa, sai ta sa salular ƙarƙashin matashi. Furar jiya haka na ɗauke ta ba a taɓa ba, kuma wannan ne ya hana ni jira har ka dawo da kanka.

Husaini da iyalinsa suna gaishe ka, haka Ruma'isa da maigidanta, da Baffa Hamman. Innarka ta ce ka riƙe salla, ka rage shiga rami mai zurfi. Ka gaida mini Ubaidullah abokin zamanka.

Sabo zai juyo ran Talata. Don Allah ka ba shi amsa, ko layi ɗaya ne, da sa hannunka, ka ce ka yarda akwatin ya zauna wa innarka. Wayar akwatin tana nan naɗe a cikin jakar Alƙur'anina, ranar da takardarka ta iso zan mayar da ita.

Gwaggonka,
Ummul Khairi