Wa Zai Amsa wa Murja

Dutsin-Ma, ranar Talata

Zuwa ga mijina, Yaya Abdullatif,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya Kaduna? Mu nan lafiya lau. Ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi, kullum tana sa maka albarka, kai ɗanta.

Ka ce muryata ta canza. Gaskiya ne, kuma maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na ba direba wannan takarda. Tun ranar da na je ta'aziyyar Malama Sisiliya ban koma daidai ba.

Ita ce malamar ajinmu a firamaren 'yan Katolika. A ajinta ba wanda ke amsa sunansa. In ta kira ka, wanda kuke benci ɗaya ne zai amsa: yana nan, ko bai zo ba, ga kuma dalili. Duk wanda ya ce bai sani ba, sai ta ajiye alli ta zuba masa ido har kunya ta rufe shi, in an tashi kuma dole ya bi ta gidan ya gano. Haka ɗan Kirista ya san ranar da kakar ɗan Musulmi ta kwanta ciwo, ɗan Musulmi ya san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Mun sha yi da ita, muna cewa ta mai da mu masu unguwa.

Mun haɗu da yawa a gidan makokin. Mutawakkil da ya yi mana monita, yanzu da gemunsa da tumbinsa, ya ce a yi mata kiran suna na ƙarshe. Ya riƙa jero mu da ka, ana amsawa, ana dariya, ana share hawaye: wane yana Legas, wance ta haihu. Sai ya kira Murja Zubair, kowa ya juyo ya dube ni, don abokiyar bencina ce. Iyakar sanina an kai ta aure wani ƙauye bayan Rawayau, kuma 'yan bindiga sun tashi ƙauyen bara. Dole na ce ban sani ba.

Ka san ni da littattafan soyayya. Yanzu sai in yini a shafi ɗaya. Ina wanke-wanke in ji kamar an ajiye alli a bayana. Ka ba ni izini in je Kurfi, garin da ke kusa da ƙauyen, in tambaya.

Taka har kullum,
Lubna

Dutsin-Ma, ranar Lahadi

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan murar ta sake ka. Na gode da izinin.

Na same ta, a wani kango bayan tasha inda mutanen ƙauyensu suka fake. An kashe mijinta. Ita kuma 'yan bindigar sun tafi da ita daji, ta yi watanni, ta dawo da ciki. Dangin mijin sun ce ba su da wuri, iyayenta sun rasu, yayanta Jibril ya daina ɗaukar waya. Matan kangon ba sa cin abinci kwano ɗaya da ita, wai wanda ya dawo daga daji kunnen mutanen daji ne.

Muna makaranta Murja ce mai jan baki a waƙar taron safe, a kan hanya ma ba ta yin shiru. Na tarar da ita zaune a kan buhu, fuska ga bango. Da na kira sunanta ba ta amsa ba. Gefenta ta kalla, ta jira a amsa mata.

A littattafaina, a daidai nan wani ke tsayawa da babbar mota. Na zauna kusa da ita har la'asar, wallahi ina kallon hanya. Ba wanda ya zo. Ka yarda in kawo ta gida.

Matarka,
Lubna

Dutsin-Ma, ranar Alhamis

Yaya Abdullatif,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan ka tashi lafiya, zuciyarka ta huce.

Na ji duk abin da ka faɗa. Ka ce ba danginmu ba ce, za a yi da mu a unguwa, kuma ka kama mana ɗaki a Kaduna, in shirya ƙarshen wata. Ba ka yi ƙarya ba. Daga jin na je kangon, maƙwabciyarmu ta daina aiko 'yarta aron turmi.

Allah ya sani na yi mafarkin Kaduna. Labulen da na zaɓa yana cikin akwati, har yadda zan tarbe ka daga aiki na tsara. Amma in na rufe ido ba ɗakin nake gani ba, bangon nan nake gani, da Malama a tsaye ta zuba mini ido.

Na faɗa wa Gwaggo. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce a kwashe buhunan gero daga ƙaramin ɗaki, gidan nata ne, ita za ta kira ka. Mutawakkil ya ba da keke-napep ɗinsa. Anjelina 'yar ajinmu, da ke aikin jinya, ta ce awon cikin yana wuyanta.

Ban taɓa saɓa maka ba, kuma ina tsoron fushinka fiye da yadda kake zato. Ka yafe mini. Gobe da safe zan ɗauko Murja, kuma ba zan zo Kaduna ba sai ta haihu ta yi arba'in.

Wassalam. Taka,
Lubna