Futa Ce Na Ɗaura, Ba Zane Ba

Zuwa ga Maman Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa ta mutunci, ina gaida Baba da Inna, ina gaida Yaya Sabi'u, wanda na san shi zai riga ki ganin wannan. Da fatan kowa yana lafiya, da fatan ruwa ya sauka muku da albarka.

Shekara tara ke nan rabona da gida. Na fito Umara da niyyar in yi 'yan watanni in nemo jari, Walida tana goye a bayanki, har yau ban koma ba. Da wannan na fara don kada wani ya ce na ɓoye shi a ƙarƙashin wata maganar.

Na rubuto miki a nan, inda kowa ke karantawa, saboda wayarki a kashe take tun ranar da aka zo aka kwashe ki da kayanki zuwa gidan Baba. Ina kira da safe, ina kira bayan la'asar, matar nan ta cikin waya ce kaɗai ke amsa mini. Saƙon Yaya Sabi'u kuwa ya iso, na saurare shi har na haddace. Ya ce bayan Babbar Sallah zai kai maganar gaban alƙali a raba auren, don su ba su aurar da ƙanwarsu ga ɗan daudu ba.

Kin ga bidiyon, na sani. Duk Malumfashi ta gani. Ni ne a tsugune gaban ƙaramin gas, da ƙyalle ɗaure a ƙugu, da tawul a ka, ina juya waina a kasko ina dariya, wata murya a bayana tana cewa, "Hajiya, a zuba mana ta ɗari." Ban ce ba ni ba ne. Ni ne. Amma ki bari in faɗa miki abin da ke cikin kaskon da abin da ke ƙuguna, sannan ki yanke abin da za ki yanke.

Abin da na ɗaura sunansa futa. A nan Jidda maza ne ke ɗaura shi. Direbobi na ɗaurawa, masu kamun kifi na ɗaurawa, tsohon Bayamane da ke mana limanci a unguwar Mahjar da shi yake fitowa. Ɗakinmu ba taga, mu huɗu ne a ciki, na'urar sanyin ta fi ƙara fiye da aiki. Wanda ya kunna wuta a ɗakin nan da wando a jikinsa zai san ya yi kuskure. Tawul ɗin kuwa don kada gumina ya ɗiga a abincin mutane. Ban taɓa tunanin cewa idan hoton ya ƙetare teku zai sauka a matsayin zane da ɗankwali ba. Ya kamata in yi tunanin. Na daɗe a nan har na manta da idon gida.

Muryar kuma ta Ɗanliti ce, abokin ɗakina, ɗan unguwarmu. Wasa yake yi, ya tura wa ƙaninsa, ƙanin ya tura zauren 'yan unguwa na waya. Ya ba ni haƙuri har da hawaye. Ban yafe masa ba tukuna, amma ban hana shi rabonsa a faranti ba.

Wainar ba tamu ba ce, ta Japan ce. Na koye ta a wani gidan abinci a unguwar Safa inda na yi shekara biyu ina wanke tukwane ta baya. Kukun wajen wani dattijo ne Bafilifine, Romel, ya daɗe yana aiki a Japan kafin ya zo nan. Idan aka gama sallamar masu kuɗi, sai ya tattara ganyen kabejin waje da aka ɓare za a zubar, ya yi mana ita mu ma'aikata. Ya ce sunanta okonomiyaki, wai ma'anarsa ka soya abin da ranka ke so. 'Yan ɗakinmu harshensu bai iya ba, sai suka koma kiranta wainar yaƙi. Nasu sunan ya fi gaskiya. Ni ban taɓa sa abin da raina ke so a ciki ba, abin da ya rage nake sawa.

Ba wuya gare ta, ke da ido ɗaya za ki iya. A yanka kabeji siriri, da yawa, har ya cika kwano. Fulawa kaɗan, kofi ɗaya ya ishe mu mu huɗu, a dama da ruwa da ƙwai biyu da gishiri da ɗan garin busasshen kifi. Kabejin ne abincin, ƙullin aikinsa kawai ya riƙe shi. A zuba a kasko da ɗan mai, a tara shi da kauri, a rufe, wuta ƙasa-ƙasa. Romel ya gaya mini gaskiya cewa can suna shimfiɗa naman alade a kai, ya ce ni in sa kifin gwangwani ko fatar kaza. Abu ɗaya yake maimaita mini kullum: "Kada ka danne ta, in ka danne ta ta mutu." A bari ƙasan ya yi ja, a juya sau ɗaya, shi ke nan. Su suna zuba wata baƙar miya mai zaƙi da mayonis. Ni yaji nake barbaɗawa.

Da bincike ya tsananta, mai gidan abincin ya tara mu marasa iƙama, wato takardar zama, ya ba mu haƙuri ya sallame mu. Bai cuce ni ba, ya biya ni har ranar ƙarshe. Tun lokacin dako nake yi a unguwar Bagdadiyya, ranar da aka samu mota za a sauke. Wata rana a samu, kwana biyu babu. Shinkafa da kaza da muke saye a waje suka fi ƙarfinmu, sai muka haɗa tukunya, ni na iya, ni na karɓi girkin. Kan kabeji ɗaya na ciyar da ƙarti huɗu su kwanta ba sa juyi. Kuɗin makarantar Walida na zangon da ya wuce, daga cikin kaskon nan ya fito. Takardar haihuwarta da aka sake, daga nan. Maganin hawan jinin Inna da na taimaka da shi, daga nan. Ba gori nake ba, Allah ya gani. Ina so ne masu dariya su san abin da suke wa dariya.

Akwai abin da mutane ke jira in yi, in fito in zagi 'yan daudu don in wanke kaina. Ba zan yi ba. Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ban isa in je asibiti ba don ba takarda, wani daga cikinsu mai sayar da tuwo a layinmu shi ya riƙa aiko mini da kunu da romo har na miƙe, bai taɓa tambayata sisi ba. Masu manyan riguna da muke sahu ɗaya da su ba wanda ya leƙo. Ni ba ɗan daudu ba ne, kin fi kowa sani. Amma ba zan taka wanda ya ciyar da ni don in yi tsawo a idon Yaya Sabi'u ba.

Shi ma Yaya Sabi'u ba zan zalunce shi ba. Watannin da ban aiko komai ba, shi ya ciyar da ku. Da ɗakinki ya yi yoyo shi ya hau ya gyara. In ya ce wa alƙali mijin ƙanwarsa ya ɗaura zane, ƙarya ya faɗa. In ya ce mijin ƙanwarsa ya bar ta shekara tara da ƙuruciyarta, ba ni da abin cewa. Wannan ce ke hana ni sukuni, Rabi. Bidiyon ƙofa kawai ya buɗe musu.

Kin tuna farkon aurenmu, da shagona ya mutu, kina yi mana wainar fulawa da manja a ƙaramin kaskon nan mai karyayyen hannu? Ina zuwa in zauna a bakin ƙofar kicin ina kallon yadda kike zagaya ƙullin da bayan ludayi. Kullum sai ki ce, "Tashi daga nan kafin maƙwabta su ce na shanye ka." Ba na tashi. Ranar da aka ɗauki bidiyon, na cilla wainar sama ne ta juya ta dawo daidai ba ta karye ba, karo na farko. Abin da ya zo mini shi ne da kina nan da kin ce ashe kallon bai tafi a banza ba. Shi ya sa na yi dariyar. An ce mini dariyar ce ta fi ɓata wa mutane rai.

An kuma ce mini yara na tsokanar Walida a Islamiyya, suna ce mata babanta na tuya, har ta ƙi zuwa. Ban san fuskar da take yi in za ta yi kuka ba, a hoto kawai na santa, kuma a hoto kullum murmushi kuke sa ta yi. Ki gaya mata gaskiya ne, babanta na tuya. Ki gaya mata kabeji ne.

Yanzu ga inda nake tsaye. In na zauna, Sallah za ta zo ta wuce, alƙali zai kira sunana ba wanda zai amsa. In na miƙa kaina, za a kai ni tarhil, inda ake tara marasa takarda kafin a mayar da su, a ɗauki zanen yatsuna, ƙofar ƙasar nan ta rufe mini. Ban san tsawon zaman da zan yi a can ba, ban san ko zan iso kafin a shiga kotun ba. Kuma ko ban zaɓa ba ana iya zaɓa mini, duk motar da ta rage gudu a bayana sai in ɗauka masu kame ne. Ina tsoron in dawo in tarar an riga an gama. Ina tsoron in dawo a kan lokaci ki dubi abin da ke hannuna ki ga bai kai shekarun ba.

Ba na roƙonki ki saɓa wa Baba. Ki ari wayar Inna ko ta maƙwabciya, ki turo mini kalma ɗaya. In kin ce in taho, washegari zan je in miƙa kaina. In kin ce kin gaji, kina da gaskiya, ba zan wahalar da ke da zaryar kotu ba. Shirun ne kawai ba na iya ɗauka.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya ƙara wa Baba da Inna lafiya, ya saka wa Yaya Sabi'u da alheri a kan abin da ya yi muku. Allah ya raya mana Walida, ya kare ta daga bakin mutane. Ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, ko da ba shi nake so ba. Amin.

Mijinki har zuwa yau,
Bala

Don ki yanke da sani, ga duk abin da na tara. Riyal dubu huɗu da ɗari uku. Keken ɗinki ɗaya, na hannu ne amma yana aiki. Bargo biyu. Abaya uku. Takalmin makaranta ƙafa ɗaya na Walida, da ka na ƙiyasta lambar, ban san ko zai shige ta ba.